Kwamanda da Askin Gada

Ba a barikin soja Kwamanda ya samo sunansa ba. A wasan yaƙi na talabijin ya samo shi, inda yake tsayawa yana raba wa abokan wasa umarni, wane ya bi dama, wane ya bi hagu, kafin ya rufe baki an harbe shi, kullum shi ne gawar farko. Sana'arsa ta gaskiya aski ce, a shagon kawunsa. Ya daɗe yana riƙe da kujera ta biyu, wadda ake tura wa yara da baƙin da ba su san unguwa ba. Duk wanda ya san darajar kansa, kujerar Kawu yake jira.

Sai gwiwar Kawu ta matsa masa. Likita ya ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma sai ya kwanta a gidan 'yarsa har ƙafa ta taku. Ranar tafiya ya ciro makullin shago ya ɗaga shi sama, kamar mai nuna wa kyanwa kifi.

"Ka ga wannan? In na dawo na tarar mutanena suna zuwa aski yadda na bar su, shago naka ne, ni na huta. In na tarar sun watse, ka san Anti Tela ta daɗe tana roƙona in bar mata ta fasa bangon nan ta faɗaɗa shagonta. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Kwamanda ya bugi ƙirji. "Kawu, ranar da ka dawo ba za ka gane shagon nan ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Kawu.

Anti Tela ta ji komai, domin bangon da ya raba shagunan biyu ko tari ka yi ta bayansa sai ta ce maka sannu. Ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya, ta yi wa Kawu fatan samun lafiya, sannan ta tsaya tana kallon bangon irin kallon da take yi wa sabon yadi.

Motar da ta ɗauki Kawu ba ta gama shan kwana ba Kwamanda ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin bencin jira. Ya leƙa waje ya kira mai gyaran waya da mai kemis da direban tasi da ke hutawa a inuwa, ya ce su zo su ga ƙarshen zamani. Ya buɗe kwalin a hankali ya fito da hedifon baƙi wuluk, kunnuwansa kamar murfin tukunya, da wani kauri mai lanƙwasa da ke bi ta tsakiyar kai ya haɗa su.

"Ku buɗe kunnuwanku, don ba zan maimaita ba," in ji shi. "Wannan ba irin na kiɗan da kuka saba gani ba ne. In aka yi harbi a cikin wasa, har ƙoƙon kanka sai ya amsa. Bam ya tashi a hagu, kunnen hagu ya girgiza. Abokin gaba ya lallaɓo ta baya, ka ji takunsa a ƙeyarka. Ga shi ba waya, kana iya tsallaka titin nan yana aiki. In kuwa ka sa shi, duniya ta mutu, ko mahaifiyarka ce ke kira ba za ka ji ba."

A yi wa na'urar adalci, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kwamanda ya kunna talabijin ɗinsa, mai gyaran waya ya gwada, jirgin yaƙi ya wuce a talabijin, sai ga shi ya duƙa yana kare kai da hannu. Ya cire yana dariya ya ce wallahi ya ji iskar jirgin a wuyansa. Kaya mai kyau ne. Hannun da ya faɗa ne abin tausayi.

"To, ga shirin," in ji Kwamanda. "Me ya fi damun wanda ya zo aski? Gundura! Mutum ya zauna yana kallon fuskarsa a madubi kamar wanda aka yanke wa hukunci. Daga yau an daina. Ka zauna, ka sa wannan, ka riƙe rimot, kana yaƙi ina aski. Kafin ka ci gari ɗaya na gama. Ba a taɓa yi ba a duk duniya."

Don ya nuna da gaske yake, ya ɗauko talabijin ɗinsa ya rataye shi a kan madubin Kawu, ya rufe shi ruf.

Anti Tela ta jingina da ƙofa. "Ɗan nan, in tambaye ka mana. Abin nan a ina ake sa shi?"

"A kai, Anti."

"Aski fa, a ina ake yin sa?"

"A kai mana."

"To, Allah ya ba da sa'a."

"Anti, ke zare da allura kika sani. Wannan fasaha ce, a bar wa masu ita."

Direban tasi ne ya fara ba da kansa, don an ce na farko kyauta ne. Aka ɗaura masa ƙyallen aski, aka ɗora masa hedifon, aka miƙa masa rimot. Kwamanda ya murɗa girgizar har ƙarshe, wai rabin girgiza rabin daɗi. Ya kunna kilifa, injin askin, ya fara ta gaba. Kilifa na rawa, kai na rawa, layin goshi ya fito kamar hanyar da ruwa ya cinye. Ya koma ƙeya ya share. Sai ya iso tsakiya, ya tarar da kaurin nan a kwance daga kunne zuwa kunne.

"Ɗan sunkuya, maigida."

Direba na ta danna rimot.

"Na ce ka sunkuya!"

Direba na can yana fama da sojojin abokan gaba. Kwamanda ya kai hannu zai ɗaga abin kaɗan, direba ya make hannun.

"Bari, bari! Sun kewaye ni!"

Da ya ga haka, sai ya aske gaba, ya aske baya, ya bar abin da ke ƙarƙashi. Ana cikin haka batir ya mutu, domin girgizar nan cin caji take kamar dutsen guga. Direba ya sauke hedifon yana haki, ya ce bai taɓa jin daɗin aski irin na yau ba. Babu madubin da zai ƙaryata shi.

"Ka koma saurayi," in ji Kwamanda.

Direba ya fito yana taku ɗaiɗai. Anti Tela ta yafito shi da hannu. "Malam direba, zo ka ga wani abu a madubina."

Ihun da ya yi har mai kemis sai da ya zubar da ƙwayoyin da yake zubawa a leda. Ya dawo a guje, da tsirin gashi a miƙe daga wannan kunne zuwa wancan.

"Mene ne wannan a kaina?"

"Askin gada ake ce masa," in ji Kwamanda, ko gezau. "A manyan birane sai ka bi layi kafin a yi maka."

"Gada? To wallahi in ba ka rushe ta yanzu ba, ta kanta zan bi in same ka!"

Aka rushe gada, kai ya koma tal kamar ƙwai, da shatar hedifon kwance a tsakiya. Direba ya rantse ko gashinsa zai kai gadon baya ba zai sake taka shagon ba. Anti Tela ta shigo ba sallama, ta ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Me kike yi, Anti?"

"Ba komai, ɗana. Ci gaba da fasaha."

Da wani ne ya sha wannan kunya, da ya mayar da kaya cikin kwali. Kwamanda kuwa kwana ya yi yana nazari, ya wayi gari da mafita: a juya abin, kaurin ya bi ta ƙarƙashin haɓa. Mai kemis ne ya faɗa wannan tarkon, shi da ya zo gyaran gemu. Kaurin ya danne gemun da aka zo gyarawa, da aka fara ruwan harsasai kuma haƙoransa suka shiga kaɗawa kamar mai zazzaɓi, har ya ciji harshe. Ya yini yana ba masu sayen magani bayani ba mai gane abin da yake cewa. Kwamanda ya ce to a mayar da kaurin ƙeya. A ƙeya kuma abin ya ƙi zama saboda nauyi, sai ya riƙa tallafe shi da hannu ɗaya yana aski da ɗaya, har ya ɗanɗana kunnen wani magini da almakashi.

"Ɗan ƙaramin yanka ne," in ji shi, yana danna auduga. "A fagen yaƙi wannan ko rauni ba a kiran sa."

"Ni aski na zo, ban shiga soja ba!" in ji magini.

Ranar Anti Tela tsawon bango ta auna.

Sai sa'a ta yi masa murmushi na ɗan lokaci, irin murmushin da take yi wa wawa don ta ƙara zurfafa masa rami. 'Yan makaranta suka ji labarin akwai shagon da ake buga wasa ana aski. Suka cika benci, suka cika ƙofa. Su gada ba ta dame su ba, so ma suke yi. Kowa ya fita da tasa yana taƙama. Kwamanda ya kumbura har ƙofar shago ta kusa yi masa kaɗan.

"Anti, kin ga layi? Naɗe tef ɗinki ki ajiye, kar ya tsufa a banza."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna," in ji ta, tana taka keken ɗinki.

Ba ta faɗin ba kuwa. Makaranta ta koro yaran gaba ɗaya, iyaye mata suka iso kowacce riƙe da kunnen nata. Wadda ke gaba, mace mai jiki da murya, ta turo ɗanta har gaban kujera.

"Kai ne mai askin?"

"Ni ne Kwamanda, Hajiya."

"Ko Janar ne kai, bai dame ni ba. Na aiko yaro da kai, ka dawo min da kwando mai hannu? Ta nan zan riƙa ɗaukar sa in je kasuwa?"

"Hajiya, salo ne. Idonku ne bai saba ba."

"Idona ya saba da mahaukata, tun ba yau ba. Aske masa, ina tsaye!"

Haka ya yini yana rushe gadojin da ya gina, iyaye na tsaye a kansa suna yi masa darasi, kowacce da nata babin. Dattawan da suka saba zuwa wurin Kawu kuwa tuni suka gano wani shagon a bayan tashar mota. Benci ya koma wurin barcin kyanwa. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Kawu ya fara takawa da sanda, yana nan tafe.

A nan ne Kwamanda ya haifi babban tunaninsa. Kai ɗaya yake buƙata, wanda in aka gan shi a kujerar nan kowa zai dawo. Kan Baba Lauya.

Baba Lauya tsohon lauya ne da ya yi ritaya, abokin cinikin Kawu mafi daɗewa, mutumin da ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba ko ruwa ake yi. Abin alfaharinsa a duniya gashin bakinsa ne, fari fat, murɗaɗɗe a gefe biyu kamar ƙahon rago. Ban da Kawu ba wanda ya taɓa kai masa almakashi. Tun tafiyar Kawu yake haƙuri, har gashin ya fara riga shi shan shayi.

Kwamanda ya same shi a ƙofar gida ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ɗan datsewa ne kawai. Kawu ya koya min hannunsa tsaf."

"Yaro, gashin bakin nan ya girme ka. Kuma na ji labarin gadojinka."

"Ai shi ya sa na zo wurinka, Baba. Gashin baki ba ya ƙarƙashin hedifon, maganar gada ba ta taso ba. Kuma ba yaƙi zan sa maka ba. Akwai wani na kwalekwale a kan kogi, ruwa na gudu, tsuntsaye na kuka, abin na yi maka tausa a hankali. Manyan alƙalai shi suke bugawa."

Da jin an ambaci alƙalai, Baba Lauya ya shafa gashin baki ya ce zai duba. Washegari ya zo.

Kwamanda ya shirya wa ranar. Ya bar hedifon a caji tun safe har ya ƙoshi. Ya jawo kujerar Kawu ya kafa ta a bakin ƙofa don titi ya shaida. Ya bi shago shago yana gayyata. Direba ya zo da hula, mai kemis ya zo, magini ya zo da filasta a kunne, iyayen yara suka tsaya daga nesa. Ba don ƙauna suka zo ba.

Aka ɗaura wa Baba Lauya ƙyalle, aka ɗora masa hedifon. Kogi ya fara gudu a kunnensa, tausa ta fara aiki. Dattijo ya lumshe ido, ya saki jiki, can sai ga shi yana gyangyaɗi. Kwamanda ya datse gefen dama, kuma abin mamaki, ya yi kyau. Da ya bar abin haka, da yau shago nasa ne.

Amma taro ya fara hamma. Direba ya duba agogo. Anti Tela ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wannan ce fasahar da aka tara mu mu gani? Tsoho na barci? Ai ko a benci yana yin wannan kyauta."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Kwamanda suka yi zafi.

"Barci? Bari ku ga abin da kayan nan ke iyawa. Ɗan ɗanɗano kaɗan zan ba shi."

Kilifa na hannun damansa a gindin gashin baki na hagu, ya sa hannun hagu ya canza wasa, ya murɗa girgiza har ƙarshe, ya cusa rimot a aljihun wando.

Bam ya tashi a cikin kan Baba Lauya.

Dattijo ya yi sama, kilifa ta yi gaba, ƙahon hagu ya sauko a hankali ya kwanta a kan takalmin Kwamanda. Baba Lauya bai ma sani ba. Shi dai ya farka daga kogi ya tsinci kansa a tsakiyar yaƙi, harsasai na wucewa ta kunnen dama, jirgi na ruri a ƙeya, ƙoƙon kai na rawa. Talabijin na can cikin shago a bayansa, bai gan shi ba. Ya zabura ya yi titi, ƙyallen aski na kaɗawa a bayansa kamar tuta.

"Ku kwanta! Ku kwanta! An shigo gari!"

Da yake ba ya jin muryar kansa, ihun ya kai ƙarshen layi. Waɗanda ke kusa sun san abin da ya faru, amma na nesa abin da suka gani shi ne Baba Lauya yana gudu, kuma duk abin da ya sa Baba Lauya gudu ba na tsayawa tambaya ba ne. Mai sayar da lemo ya kifar da tire ya shige ƙarƙashin tebur. Wani mai keke ya jefar da keken ya faɗa kwata. Shaguna suka shiga jan ƙofofi garam garam.

Kwamanda ya bi shi a guje. "Baba, wasa ne! Baba, tsaya!"

Ina! Ai ya faɗa da bakinsa, ko mahaifiyarka ce ke kira ba za ka ji ba. Baba Lauya ya waiga ya ga ƙato na bin sa da baƙin ƙarfe a hannu, ya ƙara mai. Rimot kuma na cikin aljihu, duk taku ɗaya cinya ta danna maɓallin harbi.

"Kashe abin mana, sakarai!" in ji mai gyaran waya.

"Bar shi, yanzu batir zai mutu!"

Batir ɗin da bai taɓa kai ƙarshen aski ɗaya ba, ranar ya ƙi mutuwa.

Baba Lauya ya tsallaka titi, ya yi rarrafe ya laɓe a bayan wata mota da ta tsaya yanzun nan. Ƙofar motar ta buɗe. Sanda ta fara fitowa, sannan ƙafa, sannan Kawu. Ya dubi lemo na gangara a titi, ya dubi mai keke na fitowa daga kwata, ya dubi tsohon amininsa a duƙe da ƙyallen shagonsa a wuya. Ya sunkuya da ƙyar ya zare masa hedifon.

"Lauya, lafiya?"

Baba Lauya ya saurara. Ba harbi, ba jirgi, sai kukan kaza daga wani gida. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwa, ya kai hannu zai murɗa gashin baki yadda ya saba in zai yi magana mai nauyi. Hannun dama ya samu. Na hagu ya kama iska.

Kwamanda ya iso yana haki, fuskarsa na sheƙi.

"Kawu, sannu da zuwa! Ka ga nisan da ya kai? Har tsallaken titi, ko yankewa bai yi ba! Na faɗa musu ba su yarda ba."

Baba Lauya ya dube shi daga sama har ƙasa. "A aikina na ga masu laifi iri iri. Wanda ya gayyato shaidu da kansa, ya jera su, sannan ya aikata, yau na fara gani."

Kawu ya dogara sanda ya tsallako, taro na biye da shi. Ya nuna talabijin, aka sauke. Madubi ya bayyana, Baba Lauya ya ga kansa, ya zauna a kujera ba tare da an ce ya zauna ba. Babu dabarar da ta rage, Kawu ya aske ɗaya ƙahon. Dattijo ya daɗe yana kallon leɓensa na sama, wanda rabonsa da shi tun yana saurayi.

"Saura mutum ɗaya," in ji Kawu. "Kwamanda, zauna."

"Kawu, ai ni ban..."

"Zauna. Ba ka ce a manyan birane layi ake bi ba? Kai ba sai ka bi layi ba."

Ya ɗora masa hedifon da hannunsa, ya aske gaba, ya aske baya, tsaf, irin aikin gwani. Ya sauke. Ba a taɓa gina gada mai kyan wannan ba a shagon, direba ma sai da ya cire hula ya yi tafi. Sannan Kawu ya karɓi makulli ya miƙa wa Anti Tela.

"Sai ki kira masu awo."

"Na riga na gama, Yaya. Maginin ma ga shi nan tsaye."

Magini ya shafa filastar kunnensa ya ce wannan bangon ko kyauta zai fasa shi.

Kwamanda ya tattara kwalinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, gada na kaɗawa a iska, yana bayyana wa duk mai saurare cewa tsoho mai shekaru irin na Baba Lauya ya yi wannan gudun, ai ba ƙaramar shaida ba ce ga ingancin kaya, kuma yana da wani shirin da ya fi wannan, na masu wankin kai. Anti Tela ta miƙo hannu.

"Ɗan nan, ara min abin naka."

Fuskarsa ta washe. "Kin gani ko! Har ke kin yarda da fasaha. Wane wasa zan sa miki?"

"Ba wasa. Ka ce in an sa ba a jin kowa?"

Ta ɗora shi a kan ɗankwalinta, ta gyara zama a gaban keke. Bakin Kwamanda na ta motsi, ita kuwa ta ɗaga wa magini hannu ya fara.